Kafin Gumi Ya Bushe

Na yi shekaru ina riƙe jakar kuɗi a aikin rigakafi. Ni ba akanta ba ne, hannuna kuma bai taɓa hawa kan ceki ba. Ni dai ne wanda ake kira bayan an gama zagaye, a ƙirga kuɗi a gabansa, a ce, "To, je ka sallami mutanenka." Mutanena kuwa su ne masu ɗiga wa yara maganin shan-inna, da masu rubutu da alli a ƙofar gida, da masu ɗaukar akwatin ƙanƙara, da masu shela, da matan da ke shiga gida-gida suna lallashin iyayen da suka ƙi fito da 'ya'yansu. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari da suka yi kwana huɗu suna yawo cikin rana ba, alhali ya san abin da ke jakarsa bai kai abin da ke kan takarda ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa nake goyon bayan biyan irin wannan kuɗi ta waya.

Ga yadda ranar biya take. Tebur ɗaya, takardar sunaye, biro, da ɗan kwalin tawada na masu dangwale. Kafin kuɗin ya iso teburin ya bi ta hannu huɗu ko biyar, kuma kowane hannu da danshinsa, abu kan manne masa. Wannan ya cire "na mota", wancan ya cire "na takarda". Ni kaina nakan rasa canji, sai in haɗa mutum uku in ba su kuɗinsu a dunƙule in ce su je su raba. Yadda suka raba kuwa, Allah kaɗai ya sani. Wani zai zo ya ce ƙanwarsa ba ta da lafiya, ita ta aiko shi, ya dangwala ya karɓa. Akwai kuma sunayen da ban taɓa ganin masu su a fagen aiki ba, amma ranar biya sai wani ya ɓullo, ya sa hannu da sauri, ya yi gaba. Ban taɓa cusa sunan kowa ba, wannan zan iya rantsuwa a kai. Amma na ga sunayen da ban sani ba na ja bakina na yi shiru, don wanda ya rubuta su yana sama da ni. Ba a ma maganar tsoron hanya, mutum yana tafe da jaka a cinya yana zargin duk wanda ya kalle shi sau biyu.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan jinkiri. A gama aiki a wannan wata, kuɗi sai bayan wata biyu ko uku. Wani lokaci sai an zo shirin zagaye na gaba sannan a tuna da bashin na baya, shi ma don mutane sun ce ba za su fito ba. Tun muna yara muke jin hadisin da ya ce a biya ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Namu gumin yakan bushe, a yi wanka, a sake yin wani, ba a ga komai ba.

Kuɗin da nake magana a kai iri biyu ne. Akwai na ma'aikacin sa-kai, wanda ba shi da albashi, alawus ɗin nan shi ne duk abin da zai kai gida. Akwai kuma na mai ciki ko mara lafiya, inda gwamnati za ta ce in kin je awo, in kin haihu a asibiti, in kin kai yaro allura, ga ɗan wani abu. Dabarar ta daɗe. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, tana ba iyaye mata kuɗi da sharaɗin yara su je makaranta, iyali kuma su riƙa zuwa asibiti ana duba su. Burazil ta biyo da Bolsa Família a 2003, nata da kati ake cirewa, galibi kuma sunan uwa ne a katin, cikin sharuɗɗan har da allurar yara da awon ciki. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Indiya, Janani Suraksha Yojana, da aka buɗe a 2005. A jihohin da haihuwar gida ta fi yawa, matar karkara da ta haihu a asibitin gwamnati tana samun rupi 1,400, ma'aikaciyar unguwa da ta bi ta da kulawa kuma, wadda suke kira ASHA, tana samun 600. Su ASHA ɗin nan sun kai kimanin miliyan ɗaya, kuma yawancin abin da suke samu aiki-aiki ake lissafa shi: kin rako mai naƙuda, ga naki, kin bi yaro har ya kammala allura, ga naki. Ƙididdigar ƙasar ta nuna haihuwa a asibiti ta tashi daga kusan kashi 39 cikin 100 a 2005-06 zuwa kusan kashi 89 a 2019-21. Ba kuɗin nan kaɗai ya yi wannan aiki ba, an ƙara asibitoci, an samar da motocin ɗaukar marasa lafiya. Amma da hannunsa a ciki.

Sai dai irin wannan kuɗi da lokaci yake aiki. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare, mijinta yana lissafin kuɗin mota, ba takardar gwamnati suke karantawa ba. Maƙwabciyarsu da ta je bara suke tunawa: an ba ta ko ba a ba ta ba? In an ba ta kafin ta bar asibiti, labari zai zaga unguwa. In kuwa sai da ta yi sawu biyar, ta kashe fiye da abin da za a ba ta, sannan wani ya yanki rabonsa, wannan labarin ma zai zaga, ya kuma fi na farkon gudu.

Saliyo ce ta nuna wa duniya wannan a fili lokacin annobar Ebola. A 2014 dubban mutane suka shiga aikin da kowa ke gudu: masu jinya, direbobin motar asibiti, masu feshi, masu bin sawun waɗanda suka cuɗanyu da mara lafiya, da masu binne gawa. Aka yi musu alkawarin kuɗin kasada, ana biya hannu da hannu. Sai ga jinkiri, ga sunayen bogi, ga yajin aiki. A watan Nuwamba na shekarar, tura ta kai bango a garin Kenema, masu binne gawa suka ajiye gawarwaki a ƙofar asibiti saboda an yi makonni ba a biya su ba. Gawar mai Ebola kuwa tana cikin abubuwan da suka fi saurin yaɗa cutar. Daga Disamba 2014 aka koma tura kuɗin ta waya, da taimakon Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Rahoton da ƙawancen Better Than Cash ya fitar daga baya ya ce jiran biya ya sauko daga fiye da wata guda zuwa kimanin mako guda, an yi tsimin sama da dala miliyan 10, yajin aiki kuma ya lafa. Ƙawancen nan sana'arsa ke nan, yayata biya ta na'ura, kuma ba mai talla da zai ce hajarsa ba ta da kyau, don haka nakan karanta alƙalumansa da ɗan taka-tsantsan. Amma akwai abu ɗaya a labarin da na yarda da shi ba tantama. Tare da sauya hanyar biya, an zauna an tantance su wane ne ma'aikatan, an tsefe rajista, an cire wanda sunansa ya fito sau biyu. A ganina rabin nasarar a wurin nan take, ba a cikin wayar ba.

Akwai wani labari na Afganistan da nake yawan bayarwa, ko da yake ba na lafiya ba ne. Da aka gwada biyan 'yan sanda albashi ta waya a 2009, wasu suka ɗauka ƙari aka yi musu. Ba ƙari ba ne, ranar ce suka fara ganin albashinsu cikakke. Na yi dariya sosai da na fara jin labarin. Na daina dariyar ne da irinsa ya faru a gabana.

Daga 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga mayar da biyan masu aikin shan-inna zuwa waya a ƙasashen Afirka da dama, Kwaddibuwa na cikin na farko. Mu ma zamani ya iso mu. Zagayen farko da aka biya mu ta sabuwar hanya, kwanaki kaɗan bayan gama aiki wayoyi suka fara ƙara. Da yamma sai ga wani dattijo cikin masu shela, ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, duba mini. Kamar sun yi kuskure. Kada in taɓa a zo a ce in mayar." Na duba. Babu kuskure. Abin da ke rubuce a gaban sunansa ke nan tun shekarun baya. Na ce, "Baba, naka ne." Ya dube ni, na dubi ƙasa. Bai ce komai ba. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

To jaka ta bar hannuna, rajista ta maye gurbinta. Yanzu aikina tattara suna, lambar waya, da lambar katin shaida. A nan ne na koyi abin da ba a faɗa a taron ƙaddamarwa.

Cikin masu ɗiga magani akwai wata baiwar Allah da duk ta fi su ƙwazo. Gidan da kowa ya shiga aka koro shi, ita ake turawa. Kowa ya ga alat, ita shiru. Na bincika, ashe lambar da ta ba ni ta mijinta ce, sunan da ke kan layin bai dace da na rajista ba, na'ura ta mayar da kuɗin. Ba wanda ya sanar da ita, ba wanda ya sanar da ni. Ta je ta sayi layi da sunanta, na cika takardar gyara. Aka sake turawa, ya sake dawowa, don a katinta akwai harafi ɗaya a ƙarshen sunanta da babu shi a rajistarmu. Mu da muke rubuta suna ɗaya ta hanya uku, duk mu san mutum ɗaya ake nufi, sai ga mu gaban na'urar da ba ta san haka ba. Na kira ofis, suka ce su sun tura. Na kira kamfanin waya, suka ce bai iso wurinsu ba. Na koma ofis, suka ce sai an gama daidaita lissafin zagayen gaba ɗaya kafin a waiwayi kuɗin da suka dawo. Da na gaya mata, sai ta ce, "Malam, a da in ba a biya ni ba na san ƙofar da zan tsaya. Kai ma na sha tsayawa a taka. Yanzu wa zan kama?"

An ce zuwa da kai ya fi aike. To ita ina za ta je? Tsohon tsari, duk lalacewarsa, yana da fuska. Kana iya yi mata tsawa, kana iya sa ta jin kunya, kana iya kai ƙararta wurin wanda take jin nauyi. Sabon tsari ya kawar da mai ɗebe kuɗi a tebur, ya kuma kawar da wanda za a riƙe wa riga.

Nata ma da sauƙi, tunda kuɗin ya dawo, ana iya bin sa. Akwai wata da ta ba da lambar ɗanta, sunan kuma ya wuce don a wancan zagayen ba a tsananta bincike ba. Kuɗi ya shiga, ɗa ya kashe, ita tana ta jira. Kwamfuta ta rubuta "an biya", kuma a wurin ofis magana ta ƙare.

Waɗannan ba tsirarun mutane ba ne. Binciken Bankin Duniya na 2021 ya nuna kashi 71 cikin 100 na manya a ƙasashe masu tasowa suna da asusu, na banki ko na waya, wanda babban ci gaba ne. Amma har lokacin mutum biliyan 1.4 a duniya ba su da shi, kuma mata suna bayan maza da kashi 6 a waɗannan ƙasashe. Bankin ya kuma ƙiyasta kimanin mutum miliyan 850 ba su da wata takardar shaida ta hukuma. Su wane ne waɗannan? Matan karkara ne da talakawan da ba su yi karatu ba, wato ainihin waɗanda don su aka ƙirƙiro kuɗin awo da na haihuwa.

Kada a ce na ɓata abin gaba ɗaya, don idan wayar tana hannun matar, labari ya sha bamban. A 2010, bayan fari a Nijar, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi a ƙauyuka 96 na yankin Tahoua, wasu hannu da hannu, wasu ta tsarin waya na Zap. Jenny Aker, wadda ke jami'ar Tufts a lokacin, da abokan bincikenta suka gano waɗanda aka tura wa ta waya sun rage ɓata lokaci wajen tafiya da bin layi, gidajensu kuma sun fi cin abinci iri-iri. Cikin dalilan da suka kawo har da cewa matan sun ƙara samun ta-cewa a kan yadda za a kashe kuɗin, tunda ya shigo shiru, ba a gaban kowa ba. Wurin da masu ba da labarin kan tsallake shi ne, a wannan shiri an raba wa matan wayoyin ne, an kuma nuna musu yadda ake amfani da su. Ba a ce su je su aro lamba ba.

Sannan alat ba kuɗi ba ne sai an cire. In aka tura wa mutum ɗari uku rana ɗaya a wurin da ejan biyu ne kacal, kafin azahar tsabar kuɗi ta ƙare. Mai haƙuri ya dawo jibi, mara haƙuri ya hau mota zuwa wani gari da kuɗin aljihunsa. Ga kuɗin cirewa, wanda tsari mai adalci kan ɗora a kan alawus tun daga ofis, maras adalci kuma ya bar wa ma'aikaci. Wani lokacin gwamnatin da ta ba da hannun dama ita ke karɓa da na hagu: Yuganda ta sa harajin kashi 1 cikin 100 kan hada-hadar kuɗin waya a 2018, kafin ta rage shi zuwa rabin kashi kan cirewa kawai, Gana kuma ta sa kashi 1.5 kan turawa a 2022, ta zo ta soke shi a 2025. Lambar sirri kuwa, na ga mutane da idona suna miƙa wa ejan waya suna faɗa masa lambar da ƙarfi a gaban jama'a. 'Yan damfara su ma sun san ranar biya kamar mu. Sai su kira su ce daga ofis ne, an samu matsala, a karanto musu lambar da aka turo.

Indiya ta fi kowa zurfi a wannan hanya. Ta fara tura kuɗin tallafi kai tsaye zuwa asusu a 2013, ta buɗe wa talakawa ɗaruruwan miliyoyin asusu ƙarƙashin shirin Jan Dhan daga 2014, ta haɗa su da lambar shaida ta Aadhaar. A 2018 ta fara ba duk mai tarin fuka rupi 500 a wata har ya gama shan magani, ta ninka shi zuwa 1,000 a ƙarshen 2024. Maganin tarin fuka aƙalla wata shida ne, kuma watannin farko ne mutum ya fi galabaita, ba ya iya fita nema. Binciken da aka yi a jihohi daban-daban ya sha nuna marasa lafiya da yawa ba sa ganin kuɗin farko sai a makare, dalilin kuma irin namu ne, ko babu asusu, ko lambar asusun ba daidai ba. Su ma ASHA, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama a 2022, sun sha shiga yajin aiki kan ƙarancin alawus da bashin da ya taru, duk da cewa ta asusu ake biyan yawancinsu. Waya famfo ce. In baitulmali bai zuba ruwa a tanki ba, ko kuma takardar aikinka tana kwance a teburin wanda zai sa hannu, ka murɗa har ka gaji, iska za ta fito.

Ma'aikatan bogi ma ba su mutu ba, kujera suka sauya. Mai layi biyar da ya san mai shigar da sunaye yana iya cin rabon mutum biyar yana kwance a ɗakinsa. Bambancin da na gani, kuma shi ne ya sa har yau ba na fatan jakar nan ta dawo hannuna, shi ne yanzu kuɗi yana barin sawu. Kowane turawa da ranarsa, da lambar da ya shiga, da sunan da ke kan layin. Dangwalen tawada a takarda kuwa, na tara dubbai a akwati, ban taɓa ganin wanda ya zo ya gwada ko na waye ba.

Ni dai ga abin da nake yi yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin aiki nakan tara mutanena, kowa da wayarsa da katinsa. In kira lambar, in ga wayar ta yi ƙara a hannun mai ita. In gwada suna harafi da harafi. Wadda ta ce layin na wani ne a gida, ba na yi mata faɗa, sai mu nemi yadda za ta mallaki nata kafin ranar. Bayan biya kuma ina naci sai an ba ni jerin waɗanda kuɗinsu ya dawo, abin da ofis ba ya bayarwa sai an tambaya sau uku. Kuma a duk taron da aka ba ni dama ina faɗa: a bar wata 'yar ƙofa ta biya hannu da hannu, da shaidu, ga wanda ba shi da waya ko kati, musamman mai jego da mara lafiya, a kuma sa mutum mai rai, mai suna da lambar waya, wanda aikinsa shi ne amsa "ba a biya ni ba". Sukan gyaɗa kai su rubuta.

Ita baiwar Allahn nan, mun gyara harafin. Zagayen da ya biyo baya tana cikin na farkon da suka kira ni. "Malam, ya shigo!" Na ce alhamdulillahi. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "To na wancan karon fa?" Na ce mata zan sake bincikawa. Kwafin takardar ƙorafinta yana nan cikin littafina, na ninke gefen shafin, tare da na mutum huɗu.